Shekara 15 a Tsibirin Bahrain, Ban Daina Zama Baƙo Ba

An haife ni a cikin birnin Kano a shekarar 1981, a wata unguwa da ba ta da nisa da Kasuwar Kurmi, kuma na tashi ina ganin baƙunta a matsayin abin da yake da ranar ƙarewa. Duk wanda ya san cikin gari ya san Dandalin Turawa, inda Larabawan Gadamas da na Tarabulus suka sauka da fataucinsu tun zamanin da, ya san Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. Sunayen unguwannin suna nan suna faɗin inda kakanni suka fito, amma jikokinsu Kanawa ne, babu mai neman takardarsu kafin ya ba su aure ko ya bi su salla. Da wannan fahimta na girma, cewa idan mutum ya zauna a wuri, ya yi sana'a, ya riƙe amana, ya haihu, ya binne nasa a ƙasar, to ya zama ɗan gari. Na rubuta wannan labari ne domin akwai ƙasashen da al'amarin ba haka yake ba, kuma samarinmu suna tafiya can kullum ba tare da wani ya zaunar da su ya yi musu bayani ba.

Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Sharaɗa, kuma rufewar masana'antun Kano ɗaya bayan ɗaya ta taɓa gidanmu kai tsaye. Ya rasu ina da shekara 22, ya bar mini mahaifiya da ƙanne. A lokacin na riga na koyi gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a wurin wani maigida a Sabon Gari, ina kuma da Larabcin Islamiyya daidai gwargwado. Sana'ar tana da kyau, sai dai a garin da wutar lantarki ba ta zama, mai gyaran kayan sanyi yakan wuni bai riƙe sifana ba. A shekarar 2008 wani ejan ya kawo labarin cewa wani kamfani a Bahrain yana neman masu irin aikina. Na sayar da babur ɗina, kawuna ya cika mini sauran. Ranar da zan tafi mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda kasancewata ɗan fari, ta ce mini: “Kai, ka je ka dawo. Baƙo raɓa ne.” Ni ma da niyyar dawowa na tafi. Kwantiragin shekara biyu ne, a raina kuwa idan na tara kuɗin aure da na shago, shi ke nan.

Bahrain ƙaramar ƙasa ce ƙwarai, tarin tsibirai a Tekun Fasha, faɗinta duka bai kai murabba'in kilomita 800 ba. Cikin awa guda mutum zai iya ratsa babban tsibirin a mota daga arewa zuwa kudu. Gadar Sarki Fahad, mai tsawon kilomita 25, wadda aka buɗe a 1986, ita ce ta haɗa ta da Saudiyya. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen ƙasar sun kai kimanin miliyan 1.5, amma 'yan ƙasa a cikinsu ba su kai rabi ba. Sauran duk mu ne, wato Indiyawa, 'yan Bangaladash, 'yan Pakistan, 'yan Filifin, 'yan Nepal, Larabawan wasu ƙasashe, da mu 'yan Afirka.

An saukar da mu a masaukin ma'aikata da ke Salmabad, ɗaki mai gadaje hawa biyu, kowa da akwatinsa a ƙarƙashin gado da igiyar shanyarsa a saman kai. Cikin makonnin farko aka yi mini gwajin lafiya, aka ɗauki hoton yatsuna, aka ba ni katin shaida da kowa ke kira CPR. Da shi ake buɗe asusun banki, da shi ake sayen layin waya, da shi ake ganin likita, da shi ake kama haya. Shi kuwa amfaninsa ya rataya ne a kan iƙama, wato izinin zama, iƙama ta rataya a kan izinin aiki, izinin aiki kuma kafili ne yake nema daga hukumar kula da kasuwar ƙwadago, LMRA, wadda aka kafa a 2006. Kafilina shi ne kamfanin. Idan ya sabunta, ina nan. Idan ya soke, doka ta ba ni kwana 30 in sami wani kafili ko in bar ƙasar. A shekarar 2009 gwamnati ta ba da sanarwar cewa ma'aikaci zai iya sauya wurin aiki ba tare da yardar kafili ba, muka yi murna sosai a masauki, sannan a 2011 aka ƙara sharaɗin cewa sai ya cika shekara guda a wurin kafilin farko. Gaskiya ne wannan sassauci ne idan aka kwatanta da yadda abin yake a maƙwabta a wancan lokaci, amma tushen bai sauya ba: zaman baƙo a ƙasar yana hannun wanda ya ɗauke shi aiki.

Aikin kansa ban taɓa raina shi ba. A watan Agusta, idan ka hau rufin bene a Manama, babban birnin ƙasar, don duba kwamfuresa, ƙarfen na'urar ba ya taɓuwa sai da tsumma, gumi yana shiga ido har ka kasa karanta ma'aunin gas, iskar da ke tasowa daga teku kuma tana da nauyi saboda laima. A lokacin doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 4 na yamma a watannin Yuli da Agusta, don haka mukan fito tun bayan asuba. A ƙasa irin wannan, gidan da na'urar sanyinsa ta mutu ba ya kwanuwa, kuma na sha ganin tsohuwa tana sa mini albarka saboda na tayar da na'urar ɗakin da jikanta jariri yake kwance. Mutanen Bahrain suna da sauƙin kai da karamci. An sha kira na cin abinci a gidajensu, na yi buɗa-baki a majalisunsu, na yi sallar Juma'a a Masallacin Al-Fateh kafaɗa da kafaɗa da manyansu. Ina faɗin wannan ne domin kada wani ya karanta labarina ya ɗauka ƙiyayya na tarar. Abin da ya same ni ya fito ne daga tsarin doka, wanda mutumin kirki da mugu duk a ƙarƙashinsa suke.

Shekara biyu ta zama huɗu. Na dawo gida hutu a 2010 na yi aure. A 2012 aka ɗaga ni zuwa shugaban rukunin masu gyara, albashina ya haura dinari 250, wanda a lokacin shi ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata kafin mutum ya kawo iyalinsa. Daga baya, a 2018, an ɗaga adadin zuwa dinari 400. Dinari ɗaya ya kai kimanin dalar Amurka 2.65, don haka a kunnen mutumin gida kuɗin yana da yawa, amma haya da makaranta da cefane suna cinye shi, kuma doka ba ta ƙayyade wa baƙi mafi ƙarancin albashi ba. Da yawa daga cikin waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya ba su taɓa kaiwa matakin kawo iyali ba har suka tsufa. Ni Allah Ya nufa na kai. Na kama ɗaki biyu a Muharraq, a wani lungu mai tsofaffin gine-gine inda ake jin ƙanshin halawa da gahawa da safe, na kawo matata. A nan aka haifi 'yarmu ta fari a 2013.

Haihuwarta ce ta sa na fara karanta dokar ƙasar da idon uba. Asibiti ya ba mu takardar haihuwa, amma takardar ba ta mai da ita 'yar Bahrain ba, domin a can zama ɗan ƙasa ta wurin uba yake bi. Hatta mace 'yar ƙasa da ta auri baƙo, 'ya'yanta ba sa gadon ƙasar daga gare ta, kuma wata maƙwabciyarmu tana cikin wannan hali, tana sabunta wa 'ya'yan cikinta iƙama a garin da aka haifi kakanninta. Sai da muka nemo wa jaririyar fasfon Najeriya, sannan aka buga mata izinin zama a ƙarƙashin nawa. Ta zama baƙuwa a garin da aka yanke mata cibi.

Dokar zama ɗan ƙasa ta Bahrain ta 1963 ce, kuma ta buɗe ƙofa ga baƙo, sai dai ƙofar tana da nisa. Wanda ba Balarabe ba sai ya yi shekara 25 a jere yana zaune bisa ƙa'ida. Balarabe kuwa shekara 15 ta ishe shi. Bayan haka sai ya kasance mai halin kirki, ya iya Larabci, kuma yana da gida ko fili da aka yi wa rajista da sunansa a ƙasar. Baƙo ba ya iya mallakar gida sai a wasu yankuna da aka ware, irin su Juffair, Seef, Amwaj da Durrat al-Bahrain, wuraren da ni nake shiga da akwatin kayan aiki ta ƙofar baya. Ko mutum ya cika duk sharuɗɗan nan, abin da ya samu shi ne damar nema kawai, bayarwa kuwa tana hannun Sarki. Na zauna da biro na lissafa: na shigo a 2008, shekara 25 za ta cika a 2033, ina da shekara 52, da sharaɗin cewa a duk tsawon wannan lokaci ba a sami ranar da zamana ya yanke ba, kuma na tara kuɗin sayen gida a unguwar attajirai daga albashin mai gyaran na'ura. Tsakanin iƙamar da ake sabuntawa duk shekara ɗaya ko biyu da wannan ƙofa mai nisa, babu wani matsakaicin mataki da ma'aikaci irina zai taka. Wanda ya yi shekara 20 da wanda ya sauka jiya, takarda iri ɗaya suke riƙe da ita.

Wanda ya fi fahimtar da ni wannan shi ne wani dattijo ɗan Kerala da ke kula da sito a kamfaninmu. Ya shigo Bahrain tun kafin a buɗe gadar Saudiyya, yana jin Larabcin ƙasar kamar ɗan gari, ya san kowane lungu na kasuwar Manama tun daga Bab al-Bahrain. Da ƙarfinsa ya ragu, kamfani bai sabunta masa ba. Na taya shi ɗaure kaya: kwalaye biyu da aka naɗe da shuɗiyar leda, aka ɗaure da igiya mai launin ruwan ɗorawa, ya rubuta adireshin ƙauyensu a jiki da babban alƙalami. A ciki akwai tukunyar dafa shinkafa, da dabino, da bargo, da agogon bango da kamfani ya taɓa ba shi kyauta. Ya ce mini 'ya'yansa sun girma ba ya nan, yanzu zai je ya zauna da mutanen da suka san shi ta waya. Ya kama hannuna ya ce: “Ɗana, kai da ka kawo iyali, ka fi ni jin daɗi yau, amma ranar tafiya za ka fi ni kuka.” Na raka shi filin jirgi a Muharraq, na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Duk da haka ina ganin wajibi ne in faɗi dalilin masu ƙasar kamar yadda na fahimce shi, domin na zauna da su na ji daga bakinsu. Tsibiri ba ya faɗaɗa sai an cike teku da yashi, kuma sun cike da yawa. Ɗan ƙasa yana da haƙƙin gidan gwamnati, da magani, da karatu, da fansho, kuma na san 'yan ƙasa da suka shafe shekaru masu yawa suna jiran gida. Arzikin man Bahrain kaɗan ne idan aka kwatanta da na Saudiyya ko Kuwait ko Qatar. Sannan akwai batun Sunna da Shi'a. Ina nan a watan Fabrairu da Maris na 2011 lokacin zanga-zangar Dandalin Lu'ulu'u, kuma ɗaya daga cikin manyan koke-koken 'yan adawa shi ne cewa gwamnati tana ba wa baƙi 'yan Sunna takardar zama 'yan ƙasa, musamman masu aikin tsaro, don sauya ƙididdigar al'umma. A waɗannan makonni an kai wa wasu ma'aikata 'yan Asiya hari, mu kuma muka kulle kanmu a masauki. Al'ummar da ta zama marar rinjaye a ƙasarta tana da tsoron da ni Bakano ban taɓa sani ba, kuma ban ga laifinta ba da ta yi taka-tsantsan. Mu ma tsarin mulkin Najeriya sai baƙo ya yi shekara 15 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Abin da na kasa yarda da shi shi ne a ce babu komai a tsakani. Mutumin da ya ba ƙasa ƙuruciyarsa bai kamata zamansa ya mutu cikin wata guda don wani kamfani ya karye ba, kuma yaron da aka haifa a wuri ya kamata a bar shi ya kammala karatunsa a wurin. Ban taɓa neman ƙuri'a ko gidan gwamnati ba. Izinin zama mai tsayawa da ƙafarsa, wanda ba ya rataye a wuyan kafili, shi ne kawai abin da raina ya so.

A shekarar 2015 Allah Ya ba mu ɗa namiji, Ya kuma karɓi abinsa tun bai yi wata uku ba. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa ne suka tsaya a kan komai, limamin masallacin unguwa ya yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Muharraq. Matan unguwa suka yi ta kawo abinci, suna zama da matata kamar 'yar'uwarsu. Tun daga lokacin ta daina maganar komawa gida. Takan ce mini: “Malam, ina za mu je mu bar shi?” Ban taɓa samun amsar da zan ba ta ba, domin na san ranar da iƙamata ta faɗi, ziyarar wannan kabari sai da biza. Ƙaninsa ya zo a 2017.

A 2019 muka kalli Salwa Eid Naser, haifaffiyar Najeriya, ta ci zinare a tseren mita 400 a gasar duniya ta Doha da tutar Bahrain. 'Yata ta yi ta tsalle a gaban talabijin, ni ma na yi farin ciki da gaske, domin yarinyar ta yi abin a yaba. Dokar 1963 ta ba Sarki ikon ba da takardar zama ɗan ƙasa ga wanda ya yi wa ƙasar gagarumar hidima ba tare da jiran waɗancan shekaru ba, kuma 'yan tsere daga Kenya, Habasha, Maroko da Najeriya sun samu ta wannan hanya. A daren 'yata ta tambaye ni da Larabcinta na Muharraq: “Baba, mu ma 'yan Bahrain ne, ko?” Tana rera taken ƙasar a makaranta kowace safiya, ranar 16 ga Disamba tana sa jar riga mai fari kamar kowace yarinya a ajinsu. Na ce mata mu 'yan Najeriya ne masu zama a Bahrain. Ta ce ai ita a nan aka haife ta. Na yi mata bayani iyakar abin da 'yar shekara shida za ta ɗauka, ta yi shiru, ni kuma na san ba ta gamsu ba.

Annobar korona ce ta kawo abin da nake tsoro. A 2020 otal-otal da ofisoshin da muke yi wa aiki suka rufe, kamfani ya fara jinkirta albashi, sannan ya rage, daga ƙarshen shekara kuma aka kira mu ɗaya bayan ɗaya aka ce an soke izininmu. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ce a biya ma'aikaci kuɗin sallama, rabin albashin wata a kowace shekara cikin ukun farko, sannan albashin wata guda a kowace shekara bayan nan. Wannan kuɗi shi ne fanshon baƙo, ba shi da wani. Aka ba ni wani kaso, aka ce in jira sauran, kuma har yau ban ga sauran ba. Da izinina ya faɗi, na matata da na yara suka faɗi tare da shi. Na zaga duk kamfanonin da na sani, amma kowa sallama yake yi a lokacin, wanda kuma ya nuna sha'awa albashin da ya yanka bai kai na riƙe iyali ba.

Shawarar da muka yanke a wannan wata ita ce mafi nauyi a rayuwata. Akwai wani izini da aka ƙirƙiro a 2017, ana kiransa fileksi, wanda yake ba ma'aikacin da ya rasa kafili damar zama ya yi aikin kansa, yana biyan kuɗin shiga mai yawa da kuma dinari 30 a kowane wata. Amma mai wannan izini ba ya riƙe iyali. Muka zauna da matata bayan yara sun yi barci, muka duba abin da ke asusu, muka ga ko dai mu tafi gaba ɗaya hannu kusan wofi, ko su tafi ni in tsaya in bi bashin sallamata in kuma tara jari. Ita ce ta fara furtawa. Ta ce: “Malam, ka tsaya, ni zan tafi da su. Amma ka kai ni wurinsa tukuna.” Na kai ta maƙabarta da safe. Bayan nan muka sayar da kujeru da firji da gadon yara a kan farashin da bai kai rabi ba, muka cire 'yata daga makaranta a tsakiyar zango, malamarta ta rungume ta tana hawaye. Na ɗaure kwalaye da irin shuɗiyar ledar nan.

Na koma zaman gwauro a wani ɗaki a Gudaibiya tare da wasu 'yan Ghana da 'yan Kamaru. Da shuɗin katin fileksi na riƙa bin gidaje ina wanke na'urori da cika gas, kuma tsofaffin abokan cinikina sun riƙe ni da amana, wasu har suna ƙara mini a kan abin da na nema. A watan Fabrairun 2022 gwamnati ta fito da abin da ta kira izinin zama na zinare, wanda shi ne ainihin irin abin da na yi shekaru ina fata, domin ba ya rataye a kan kafili kuma yana ɗaukar iyali. Na karanta sharuɗɗan na wancan lokaci a waya ina zaune a bakin titi. Ma'aikaci sai ya yi shekara biyar a ƙasar da matsakaicin albashin da bai gaza dinari 2,000 a wata ba. Ko ya mallaki gidan dinari 200,000. Ko ya zama ɗan fansho mai samun dinari 4,000 a wata. Ko ya kasance mai wata baiwa ta musamman. Shekarun ina da su har da ƙari, albashin kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu ban taɓa kaiwa ba. A watan Oktoba na 2022 aka soke tsarin fileksi baki ɗaya, aka maye gurbinsa da wani tsarin rajistar ma'aikata. Na iya shiga sabon tsarin, amma na tambayi kaina abin da nake jira, na ga babu. Ko na yi wata shekara goma a haka, iyalina ba za su dawo ba, yarana kuma suna girma a waya kamar na dattijon nan.

Na bar Bahrain a 2023, shekarar da na cika 15 a ƙasar, adadin da zai ishi Balarabe ya shigar da takardar nema. Limamin unguwarmu ta Muharraq da maƙwabta biyu suka raka ni filin jirgi. Ɗayansu ya ce idan da a hannunsa abin yake, da ba zan tafi ba, kuma na yarda da shi.

Yanzu ina da ƙaramin shago a Kano, ina gyaran kayan sanyi ina kuma haɗa sola, da yara masu koyo a hannuna. Alhamdu lillahi, muna ci muna sha, mahaifiyata tana raye tana ganin jikokinta. Amma dawowar ba ta zo da sauƙi ba. Na tarar abokan da muka koyi sana'a tare sun kafu, suna da gidaje da abokan ciniki, ni kuma na fara daga tushe ina da shekara 42. Filin da na saya a bayan gari tun ina can shi ne kawai abin da ya tsaya mini. 'Yata ce ta fi shan wahala: Hausarta tana da karkata, yara suna kiranta Balarabiya, ta daɗe ba ta son zuwa makaranta, har yau kuma idan ta yi fushi ko ta yi mafarki da Larabci take magana. Mun sa ta a makarantar da ake koyarwa da Larabci da Turanci, a nan ta fara samun kanta. Matata ba ta cika maganar Muharraq ba, sai dai duk shekara a watan da yaron ya rasu takan yi sadaka, maƙwabciyarmu ta can kuma takan je maƙabarta a madadinta ta kira ta ta gaya mata.

Na ji cewa daga watan Maris na 2024 an sauya yadda ake biyan kuɗin sallama, yanzu kamfani yana zuba kason ma'aikaci kowane wata a hukumar inshorar zamantakewa, kashi 4.2 cikin ɗari na albashi a shekara ukun farko da kashi 8.4 bayan nan, ta yadda ko kamfani ya karye kuɗin yana nan. Wannan gyara ne na gaske, kuma na yi wa waɗanda suke can murna.

Samari suna zuwa shagona da takardun ejan su ce in duba musu, kuma ban taɓa ce wa kowa kada ya tafi ba, domin na san abin da yake kora su. Abin da nake yi shi ne in zaunar da mutum mu karanta kwantiragin layi-layi, mu ga sunan aikin da aka rubuta, da albashi na asali ban da alawus, tunda a kansa ake lissafin sallama, da wanda zai biya tikitin dawowa. Nakan gaya masa kada ya bar fasfonsa a hannun kowa, ya riƙa duba ranar ƙarewar izininsa da kansa, kuma ya sani cewa ko ya yi shekara nawa, takardarsa ba za ta ƙara nauyi ba. Idan yana tunanin kai iyali, nakan ba shi labarin 'yata, in bar shi ya yanke hukunci da kansa. Kwanan nan ɗan ƙanwata ya zo da takardar aikin lantarki a wani kamfani a Sitra. Ya ce: “Kawu, shekara biyu kawai zan yi.” Mun yi yarjejeniya a gaban mahaifiyarsa cewa kashi ɗaya cikin uku na albashinsa zai riƙa zuwa wani asusu a nan wanda ba a taɓawa sai don fili da kayan shago, kuma duk lokacin da za a sabunta masa izini sai mun yi magana da shi a kan ko ya ci gaba ko ya dawo. Na ba shi lambar limamin Muharraq, na kuma kwatanta masa inda kabarin ɗan'uwansa yake. Bizarsa ta fito, yana jiran tikiti daga kamfanin.